Yau Akwai Aiki Ko Hutu Ne? Yadda Wayarki Ke Lissafin Ranakun Hutu Da Inda Take Tuntuɓe

Yau za mu taɓo wata tambaya da ba a rasa yin ta a gidajenmu: "Yau akwai aiki kuwa, ko hutu ne?" Da a ce shekarun baya ne, sai a kunna rediyo ko a leƙa kalandar da ke rataye a bango. Yanzu kuwa waya ake ɗauka. Ita ce ke gaya miki ranar awo, ranar rigakafin jariri, ranar komawa makaranta, da ranar da kuɗin da ya maƙale zai dawo asusunki.

Ga mai zaune a Bunkure, Kura ko Garun Malam, amsar wannan tambaya kuɗi ce da lokaci. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, ruwan kanal ya mayar da yankin wurin da ake noma rani da damina. Tumatirin da ya nuna a Kadawa ba ya jiran a buɗe banki, shinkafar da kika jiƙa za ki turara ita ma ba ta san hutu ba. Idan kika biya kuɗin mota zuwa cikin Kano da goyo a bayanki kika tarar da ofis a rufe, kin yi asarar kuɗin mota, kin kuma yi asarar yini guda na sana'a. Saboda haka ya kamata ki san yadda wayar ke gane ranar hutu, don ki san lokacin da za ki yarda da ita da lokacin da za ki ƙara tambaya.

Tambayoyi biyu kacal

Kowace manhaja da ke cikin wayarki, ta banki ce, ta makaranta ce ko ta kalanda, wani mutum ne ya zauna ya rubuta mata umarni layi bayan layi. Ita kanta ba ta san Sallah ba, ba ta san Kirsimeti ba. Abin da ta sani shi ne lamba. Idan ana so ta gane ko yau tana cikin hutu, sai a ba ta ranar da hutun zai fara da ranar da zai ƙare, a ce ta yi tambayoyi biyu. Ta farko: yau ta kai ranar farawa ko ta wuce ta? Ta biyu: yau ba ta riga ta wuce ranar ƙarewa ba? Idan amsar duka biyun "e" ce, sai ta ce hutu ne. Idan ɗaya ta zama "a'a", sai ta ce akwai aiki.

Ga misali. A ce hutun makaranta zai fara 1 ga Agusta ya ƙare 10 ga Satumba. Manhajar tana iya mayar da kwanan wata ya zama lamba guda, wata a gaba, rana a baya. Ranar 1 ga Agusta ta zama 801, ranar 10 ga Satumba ta zama 910. Idan yau 20 ga Agusta ce, lambarta 820. Ta kai 801? E. Ba ta wuce 910 ba? E. To hutu ne. Lissafin da yaron aji uku zai iya ke nan. Sai dai a cikin wannan sauƙin ne ramukan suke.

Hutun da ya tsallaka shekara

Ki ɗauki hutun ƙarshen shekara, wanda a ce ya fara 20 ga Disamba ya ƙare 5 ga Janairu. Ranar farawa ta zama 1220, ranar ƙarewa ta zama 105. Yau kuma 28 ga Disamba, wato 1228. Ta kai 1220? E. Ba ta wuce 105 ba? Ai ta wuce nesa. Sai manhajar ta ce akwai makaranta. Ki gwada 2 ga Janairu, wato 102. Ta kai 1220? A'a. Nan ma sai ta ce akwai makaranta. Babu wata lamba a duniya da za ta kai 1220 kuma ta kasa wuce 105, don haka a wurin wannan manhaja hutun gaba ɗaya bai taɓa zuwa ba.

Wannan kuskure ne da masu koyon rubuta manhaja ke yawan faɗawa ciki. Maganinsa iri biyu ne. Ko dai a sa shekara a gaban lambar, farawa ta zama 20251220, ƙarewa ta zama 20260105, sai 20251228 ta faɗa tsakiyarsu daidai. Ko kuma a ce wa manhajar: idan lambar farawa ta fi ta ƙarewa girma, to hutun ya tsallaka shekara, amsa ɗaya ta "e" ta wadatar. Idan kika ga saƙon makaranta ko na wani shago ya rikice a ƙarshen Disamba da farkon Janairu, wannan na cikin abubuwan da kan jawo shi.

Ranar ƙarshe tana ciki ko ba ta ciki?

Rami na biyu mu kanmu muna faɗawa cikinsa ko babu waya. Idan takarda ta ce "hutu har zuwa ranar Litinin", Litinin ɗin ake komawa ko Talata? A cikin kwamfuta matsalar ta fi haka. Manhajoji da yawa suna ajiye kwanan wata tare da awa, kuma idan ba a faɗi awar ba sai su ɗauka ƙarfe 12 na dare ne, daidai lokacin da ranar ta shigo. Wato "hutu ya ƙare 5 ga Janairu" ya koma "hutu ya ƙare a daƙiƙar farko ta 5 ga Janairu". Da gari ya waye ranar, manhajar ta riga ta ce hutu ya wuce, alhali mai rubuta takardar yana nufin ranar ma tana ciki.

Don haka duk sanarwar da ta zo miki, ki nemi ranar komawa. Ita ce ba ta da harshen damo. Wannan ya fi muhimmanci ga mai ɗa a makarantar kwana, inda ranar dawowar 'yan kwana kan riga ta 'yan jeka-ka-dawo da yini guda.

Hutu iri uku

Ba duk hutu ne kwamfuta ke iya sani tun kafin ya zo ba. A Najeriya za ki iya raba su gida uku.

Na farko, masu tsayayyar rana: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, 1 ga Oktoba ranar 'yancin kai, da 25 da 26 ga Disamba. Waɗannan su ne mafi sauƙi, amma su ma suna motsi. Har zuwa 2018 ranar dimokuraɗiyya 29 ga Mayu ce, sai gwamnatin Muhammadu Buhari ta mayar da ita 12 ga Yuni, aka fara hutun sabuwar ranar a 2019. Duk manhajar da ba a sabunta ba tun lokacin tana nan riƙe da tsohuwar rana. Haka kuma idan ranar ta faɗa ƙarshen mako, gwamnati kan ba da Litinin. A 2023 ranar 1 ga Oktoba ta faɗa Lahadi, sai aka yi hutun ranar Litinin 2 ga wata.

Na biyu, waɗanda ake lissafawa. Bikin Ista na Kiristoci yana canza rana duk shekara, amma yana da ƙa'ida tsayayya da ta haɗa cikar wata da ranar Lahadi, kuma a kalandar da muke amfani da ita ba ya fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kwamfuta za ta iya faɗa miki ranar Ista ta shekara ɗari nan gaba ba tare da ta tambayi kowa ba.

Na uku, waɗanda sai an sanar: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Maulidi. A nan ne waya ta fi tuntuɓe, kuma su ne suka fi shafar gidajenmu.

Sai an ga wata

Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, shekarar kuma kwana 354 ko 355. Ta gaza shekarar Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa Sallah ke matsowa baya duk shekara. Ki duba: a Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sannan ranar 30 ga Maris a 2025. Ga mutanen Bunkure da Kura wannan na nufin azumi da Sallah sun shigo tsakiyar kakar tumatir da girbin alkama, lokacin da kuɗi ya fi yawo tsakanin manomi, dillali da mai mota.

Wayoyi da manhajojin lokutan sallah da yawa suna bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda ake tsarawa da lissafin taurari tun kafin watan ya kama. Mu kuwa a nan sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, ake jira, bayan kwamitin ganin wata ya tattara rahotanni daga sassan ƙasa. Wani lokaci su zo daidai, wani lokaci su saɓa da kwana guda. Bayan haka kuma akwai mataki na uku: ranar Idi daban, ranar hutun gwamnati daban. Ministan Harkokin Cikin Gida ne ke sanar da ranakun hutu a madadin gwamnatin tarayya, kuma yakan yi hakan kwanaki kaɗan kafin a fita duban wata.

Abin da ya faru a 2024 ya isa misali. Gwamnatin tarayya ta sanar da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu a matsayin hutun Ƙaramar Sallah. Daren Litinin ba a ga wata a Najeriya ba, azumi ya cika 30, Idi ya koma Laraba. Sai minista Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da ƙarin Alhamis 11 ga wata. Duk manhajar da aka shigar wa ranakun farko aka tafi gida, ranar Alhamis ta ce akwai aiki, alhali bankuna da ofisoshi a rufe suke. A wannan shekarar ce kuma 'yan uwanmu na Maraɗi da sauran Jamhuriyar Nijar suka yi Idinsu ranar Talata, mu muka yi Laraba. Tambayar "yau hutu ne?" ba ta cika ba sai an ƙara da "a ina?"

Akwai wani abin kuma. Saboda gajartar shekarar Hijira, Sallah guda kan zo sau biyu a shekarar Miladiyya ɗaya. A 2006 an yi Babbar Sallah a watan Janairu, aka sake yin ta a ƙarshen Disamba. Bisa lissafin masana taurari, azumi ma zai kama sau biyu a 2030, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Manhajar da aka rubuta da tunanin "Sallah ɗaya a shekara" za ta tsallake ta biyun. Masu aiki da hankali sun san da duk wannan, shi ya sa a wasu kalandun waya za ki ga an rubuta kusa da ranar Sallah cewa hasashe ne ba tabbas ba. Idan kin ga irin wannan alama, ki ɗauke ta da gaske.

Hutun Abuja daban, na Kano daban

Dokar ranakun hutu ta Najeriya ta ba gwamnan jiha ikon ayyana hutu a jiharsa. Gwamnatin Kano ta saba ba da hutun 1 ga Muharram, sabuwar shekarar Musulunci, kuma a wasu shekarun takan ba da na Takutaha, mako guda bayan Maulidi. Kalandar "hutun Najeriya" da ke cikin waya yawanci na tarayya take nunawa. A irin wannan rana makarantar gwamnati da sakatariyar ƙaramar hukuma a Bunkure za su kasance a rufe, amma ofishin tarayya, kamar na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da ruwan kanal, ba lallai ne ya bi hutun jiha ba. Banki ma haka.

Hutun makaranta kuwa Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce ke tsara shi, kuma tana iya canza shi. A 2025 jihohin Kano, Katsina, Kebbi da Bauchi sun shirya kalandarsu ta yadda makarantu suka kasance a rufe a lokacin azumi, abin da ya jawo muhawara a faɗin ƙasa, yayin da yara a wasu jihohin ke zuwa aji. Sannan ga hutun da babu wanda ya san da zuwansa. Da tsohon shugaban ƙasa Buhari ya rasu ranar 13 ga Yuli 2025, gwamnatin tarayya ta ayyana Talata 15 ga wata, ranar da aka yi jana'izarsa a Daura, a matsayin hutu. Babu lissafin da zai hango wannan.

Ko ƙarshen mako ma ba iri ɗaya ba ne. A boko Asabar da Lahadi ne, a makarantar allo da Islamiyyu da yawa Alhamis da Juma'a. A Saudiyya tun 2013 Juma'a da Asabar ne. Mai jiran saƙon kuɗi daga miji ko ɗan uwa da ke aiki a can ta sa wannan a lissafinta.

Agogo da tsarin rubuta kwanan wata

Manyan kwamfutocin da manhajoji ke dogara da su sau da yawa suna bin agogon GMT, wanda Najeriya ta riga shi da awa ɗaya. Daga ƙarfe 12 zuwa 1 na dare a Kano, a wurinsu jiya ce ba ta ƙare ba. Idan mai rubuta manhajar bai kula da wannan ba, abin da kika biya a wannan awar zai iya fitowa da kwanan watan jiya. Ƙari a kan haka, a lissafin Musulunci sabuwar rana da magariba take shiga, amma wayoyi da yawa sai tsakar dare suke juya kwanan watan Hijira.

Tsarin rubutu ma yana rikita mutane. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuma wata suke farawa da shi. A wurinmu 1/10 ita ce ranar 'yancin kai, a wurinsu 10 ga Janairu ce. Idan saƙon asibiti ya zo da lambobi zalla, ki tabbatar wane tsari aka bi. Irin waɗannan kurakurai ba mu kaɗai suke samu ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2024 na'urorin biyan kuɗi a gidajen mai da dama a ƙasar New Zealand sun tsaya cak, saboda manhajarsu ta kasa karɓar ranar da sai bayan shekara huɗu take zuwa.

Abin da za ki yi

Na ɗaya, kan maganar Sallah da azumi, sanarwar Sarkin Musulmi ce abin bi, kan hutun aiki kuma ta Ma'aikatar Cikin Gida da ta gwamnatin jiha. Rediyo har yanzu ya fi kalandar waya saurin kawo su. Yawancin manhajojin lokutan sallah suna da wurin da za ki ƙara ko ki rage kwana ɗaya ko biyu a kwanan watan Hijira. Ki riƙa daidaita shi duk farkon wata.

Na biyu, takardar hutu da ke yawo a WhatsApp, ki duba shekararta. Idan babu shekara, ki gwada sunan ranar da kwanan watan. "Alhamis 11 ga Afrilu" ta dace da 2024, amma a 2025 ranar 11 ga Afrilu Juma'a ce. Da kin ga sun saɓa, tsohuwar takarda ce aka sake turowa.

Na uku, maganar kuɗi. Tura kuɗi ta waya yana aiki ko ranar Sallah, amma idan ya maƙale, wa'adin da banki kan bayar da "ranakun aiki" ake ƙirga shi, ban da Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Kwana uku na aiki da suka fara daga jajiberin Sallah suna iya kai mako guda. Idan kina da kwandunan tumatir ko buhunan shinkafa da za a biya ki, ki nemi a kammala kafin jajiberi, ki kuma tanadi tsabar kuɗin cefane tun kafin layi ya yi tsawo a wurin masu POS. Idan kuma ke ce ke da bashin da ranar biyansa ta faɗa cikin hutu, kada ki ɗauka za a ɗaga miki. Ki karanta sharaɗin ko ki biya kafin ranar.

Na huɗu, lafiya. Allurar rigakafin jariri tana da lokutanta: da haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9. Saƙon tunatarwa makonni kawai yake ƙirgawa daga ranar haihuwa, yana iya faɗawa kan ranar da asibitin ba ya allura. Idan haka ta faru, ki kai shi ranar allura ta gaba da katinsa. Jinkirin 'yan kwanaki ba ya sa a sake daga farko, barin allurar gaba ɗaya shi ne haɗari. Ki nemi lambar ma'aikaciyar da ke duba ki, ki kira kafin ki hau mota, matambayi ba ya ɓata. Amma naƙuda, zubar jini ga mai ciki, ko zazzaɓi mai zafi da jijjiga ga yaro, waɗannan ba a duba musu kalanda. Ɗakin haihuwa da sashen gaggawa na manyan asibitoci suna aiki ko ranar Idi ce.

Ki gwada da yaranki

Idan kina da ɗiya ko ɗa mai sha'awar kwamfuta, ga wasan da ba ya buƙatar data. Ki rubuta ranar fara hutu a takarda ɗaya, ranar ƙarewa a wata. Ki ce yaron shi ne kwamfuta, ba a yarda ya yi amfani da abin da ya sani ba, tambayoyin nan biyu kawai zai yi. Ki fara ba shi hutun Agusta, zai ci. Sai ki ba shi 1220 da 105 ki ce ya gwada 1228. Ki bar shi ya gano da kansa dalilin da ya sa lissafin ya ƙi, da yadda za a gyara. Daga nan ki tambaye shi yadda zai sa kwamfuta ta san ranar Sallah. Idan ya ce dole a bar wurin da mutum zai shigar da ranar bayan an ga wata, to ya kama abin da ƙwararru ke yi ke nan. Manhajojin da aka rubuta a ƙasashen da ba a jiran ganin wata ba su cika tunawa da mu ba, kuma yaran da suka taso suna jiran sanarwar Sakkwato a daren 29 su ne suka fi cancanta su rubuta waɗanda za su dace da mu.

Uwargida, a garinku yaya kuke samun tabbacin ranar hutu da ranar komawa makaranta? Ki rubuto mana a ƙasa don sauran iyaye mata su ƙaru. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a nomanmu da sana'o'inmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.